Makon Rasuwar Saratu a Majami'un Yahudawa

A kowace shekara, wajen ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, akwai wata Asabar da Yahudawa masu ibada ke warware naɗin Attaura a wuri ɗaya, ko a wace ƙasa suke. Na birnin New York da na tsibirin Jarba a Tunisiya da na Birnin Ƙudus, duk kaso ɗaya ke gabansu: ayoyi 105 daga Littafin Farawa, tun daga farkon babi na 23 har cikin babi na 25. Sunan kason Hayye Sara, wato Rayuwar Saratu, ko da yake da labarin mutuwarta ya buɗe. Shi ne na biyar cikin kaso 54 da suka raba littattafan Annabi Musa biyar, domin a sauke su sau ɗaya a shekara.

Abin da ke cikinsa ba baƙo ba ne ga mai karatu, Musulmi ko Kirista. Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127. Annabi Ibrahim, wanda bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasar ba, ya yi cinikin wani kogo don ya binne ta. Ya aiki baransa da raƙuma goma ya nemo wa ɗansa Is'haƙu mata, baran ya haɗu da Rifkatu a bakin rijiya. Daga baya Ibrahim ya sake aure, ya rasu yana da shekara 175. Sai jerin 'ya'yan Isma'ila goma sha biyu, shi ke nan. Waɗannan ayoyi ba su canza ba tun fiye da shekara dubu biyu. Darasin da ake fitarwa daga cikinsu kuwa ya sha canzawa, har yakan kai wani ya saɓa wa wani gaba ɗaya. Bin sawun wannan kaso guda ya isa ya nuna wa mutum yadda al'adar take aiki.

Labari mafi daɗewa na karanta Attaura ga taron jama'a yana cikin Littafin Nehemiya. Mutanen Babila sun rushe Birnin Ƙudus a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kwashe manyan gari zuwa bauta. Bayan sarkin Farisa Sairus ya ci Babila, an bar masu so su koma. A tsakiyar ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, wani malami mai suna Ezra, wanda malaman Musulunci da yawa ke ganin shi ne Uzairu, ya hau wani dakali na katako a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa, ya karanta tun daga wayewar gari har rana ta take, maza da mata suna saurare. A gefensa akwai Lawiyawa da ke fayyace wa mutane ma'ana. Jama'a suka fashe da kuka, sai aka hana su, aka ce su je su ci su sha, su aika da abinci ga wanda ba shi da shi. Tun a ranar farko ke nan karatu ya zo tare da mai bayani, bayanin kuma ya ƙare a kan abin da mutum zai yi in ya koma gida.

Zuwa zamanin Rumawa abin ya zama na mako-mako. A 1913 masu tono sun gano wani dutse a Birnin Ƙudus da rubutun Girkanci, inda wani mai suna Tiyodotus ya bayyana cewa ya gina majami'a domin karatun Attaura da koyar da dokoki, da ɗakunan saukar baƙi. Linjilar Luka ma ta nuna Annabi Isa yana miƙewa a majami'ar Nazarat ran Asabar, yana karantawa daga Ishaya, sannan ya zauna ya yi bayani. Da Rumawa suka rushe Haikali a shekara ta 70, hadaya ta ƙare, aikin firistoci ya tsaya. Abin da ya saura a hannun mutane shi ne littafin da kuma ranar Asabar.

Malaman da suka biyo baya sun tsara komai dalla-dalla. Mishna, kundin dokokin da aka haɗa wajen shekara ta 200, ta ƙayyade yawan mutanen da za a kira gaban littafin: bakwai ran Asabar, shida ran azumin Yom Kifur, biyar ran idi, uku ran Litinin da Alhamis. Waɗannan ranaku biyu na kasuwa ne, lokacin da mutanen ƙauye ke shigowa gari, kuma an ce an sa su ne don kada kwana uku su wuce ba a ji Attaura ba. Littafin kansa na fata ne, rubutun hannu, babu wasali ko alamar tsayawa, sai mai karatu ya haddace su tun kafin ranar. Da yake yawancin mutane a lokacin Aramanci suke ji, Ibraniyanci ya zama na malamai, sai aka tsayar da tafinta kusa da mai karatu. Mai karatu ya ja aya ɗaya ya dakata, tafinta ya fassara da ka, ba a yarda ya duba rubutu ba, don kada jama'a su ɗauka fassarar ce ke cikin littafin. Duk wanda ya taɓa zama a wurin tafsirin watan azumi ya ga mai jan baƙi da malam, ya san siffar abin. Kalmar ma ba ta yi nisa ba: Sa'adiya Ga'on, ɗan Fayyum ta Masar da ya shugabanci makarantar Sura a Iraƙi, ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci, kuma da sunan Tafsir aka san aikin. Yahudawan Yaman sun riƙe fassarar Aramanci aya bayan aya har zuwa zamaninmu.

An daɗe ba a daidaita kan tsawon zangon ba. Yahudawan Iraƙi suna saukewa a shekara ɗaya, na ƙasar Falasɗinu kuwa suna yanka kason ƙanana, fiye da 150, su sauke cikin shekara uku ko uku da rabi. Wani matafiyi, Biliyaminu na Tudela, ya iso tsohuwar Alƙahira wajen 1170 ya tarar da majami'u biyu a gari ɗaya, ta Shamawa da ta Iraƙawa, kowace da lissafinta, sai dai sukan haɗu a wasu ranakun idi su yi addu'a tare. A ƙarshe tsarin Iraƙi ya yi rinjaye. Musa bin Maimun, likita kuma masanin falsafa da ya rasu a wannan gari a 1204, ya rubuta cewa shi ne al'adar da ta game ko'ina. Akwai ɗan lissafi a ciki. Shekararsu ta wata ce kamar ta Hijira, amma suna ƙara wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19 don idodi su tsaya a lokutansu. Saboda haka a gajeriyar shekara akan haɗa wasu kaso biyu-biyu a Asabar ɗaya. Ran da aka kai ƙarshe, aka karanta rasuwar Annabi Musa, nan take ake buɗe wani naɗin a fara daga halittar duniya, a yi ta rawa da littattafan a kafaɗa. Amfanin wannan tsari ga al'ummar da ta warwatse a fili yake. Ɗan kasuwa ya tashi daga Bagadaza ya sauka a Ƙairawan, ya tarar ana inda ya baro. Har wasiƙu sukan sanya wa kwanan wata da sunan kason makon.

Karatu kaɗai ba ya riƙe jama'a, wannan kowane mai wa'azi ya sani. Wani tsohon kundin sharhi na ƙarni na biyar, Bereshit Rabba, ya kawo cewa Rabi Akiba, babban malamin ƙarni na biyu, yana cikin wa'azi sai ya ga mutane suna gyangyaɗi. Sai ya jefa musu tambaya: me ya sa Sarauniya Esta ta mulki larduna 127? Ya ba da amsa da kansa, cewa jikar Saratu mai shekara 127 ce. Masu sharhi na baya sun yi ta tono hikima daga wannan, har wasu suka ce yana nuna musu ne cewa kowace shekarar Saratu ta haifi lardi guda, don haka kowane ɗan lokaci da suka yi barci sun yi asarar gari. Ni dai ina ganin malam ya so ne kawai su farka, kuma sun farka, tunda ga shi ana ba da labarin har yau. Talmud ya adana wani makamancinsa. Malamai biyu sun sauka a gari ɗaya, Rabi Hiyya bar Abba yana karantar da hukunce-hukunce, Rabi Abbahu yana ba da labarai da misalai. Mutane suka watse daga wajen na farko suka cika wajen na biyu. Da ran Hiyya ya ɓaci, Abbahu ya lallashe shi da misalin mai sayar da duwatsu masu daraja da mai sayar da tarkacen koli: wa aka fi yi wa cincirindo?

Wanda ya tattara irin waɗannan bayanai ya sa su a bakin kowane yaro shi ne Shelomo ɗan Is'haƙu, da aka fi sani da Rashi, mutumin Troyes a Faransa, wanda ya rayu daga 1040 zuwa 1105. Sharhinsa ne littafin Ibraniyanci na farko da aka buga ɗauke da kwanan wata, a 1475 a kudancin Italiya. Dubi abin da ya yi da cinikin kogon. Mai gonar, wani Bahitte mai suna Efron, ya tashi a gaban jama'a ya ce ya ba Ibrahim kyauta, gona da kogo duka. Da Ibrahim ya nace sai ya biya, sai mutumin ya ambaci shekel 400 na azurfa, a cikin salon nan na me ke tsakanina da kai. Kuɗi ne masu yawa, don Annabi Irmiya ya sayi gona a kan shekel 17. Rashi ya lura cewa a ayar da aka auna kuɗin, an rubuta sunan Efron da ragin harafi ɗaya, ya ce wannan sakamakon mai yawan faɗi ne da ƙarancin cikawa. Talmud ya jera shi da Ibrahim, wanda ya ce wa baƙinsa bari ya kawo ɗan gurasa, ya je ya yanka maraƙi.

Haka kuma batun Rifkatu. Baran bai nemi kyau ko dukiya a matsayin alama ba, ya roƙi Allah ya nuna masa yarinyar da in ya nemi ruwa za ta ba shi, ta kuma shayar da raƙumansa ba tare da an tambaye ta ba. Wanda ya taɓa ganin raƙumi ɗaya a bakin rijiya bayan doguwar tafiya ya san abin da shayar da goma da tulu ke nufi. Sannan da danginta suka so a jinkirta tafiya, sai suka ce a kira ta a ji daga bakinta. A nan Rashi ya ɗora hukunci a taƙaice, cewa ba a aurar da mace sai da yardarta. Irin waɗannan darussa ne suka shiga gidaje ta wani littafi na harshen Yiddish mai suna Tsena Urena, wanda bugunsa mafi daɗewa da ya tsira na 1622 ne. An sake buga shi fiye da sau 200, kuma mata a garuruwan Folan da Rasha ne manyan masu karanta shi, ran Asabar da yamma, kaso bayan kaso.

Akwai wata magana ta Rashi a farkon kason da ta fi waɗannan nauyi. Babin da ya gabaci rasuwar Saratu shi ne na umarnin yanka ɗa, wanda a Attaura Is'haƙu ne, saɓanin abin da mafi yawan malaman Musulunci suka tafi a kai cewa Isma'ila ne. Rashi ya tambaya me ya sa aka jera labaran biyu. Ya amsa da wata tsohuwar ruwaya: labari ne ya iso wa Saratu cewa an ɗaure ɗanta, saura kaɗan a yanka shi, sai ranta ya fita.

Shekara ɗari takwas da ɗoriya bayan Rashi, a farkon Nuwamba 1939, wani malami a birnin Warso ya tsaya a kan wannan magana. Sunansa Kalonimus Kalman Shapira, shugaban wata ɗariƙar Hasidawa ta garin Piaseczno. Makonni kaɗan kafin nan, a ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa birnin, ɗansa namiji tilo ya samu raunin da ya kashe shi, matar ɗan ta mutu a ƙofar asibitin da aka kwantar da shi, mahaifiyar malamin ma ta bi su ba da daɗewa ba. Bai ambaci ko ɗaya daga cikinsu a wa'azin ba. Ya kawo misalin wani malamin da ya gabace shi, cewa wahala kamar gishiri ce, kaɗan ya gyara nama, in ya yi yawa ba ya ciyuwa. Sannan ya ce Annabi Musa da gangan ya jera labaran biyu, yana mai kai ƙarar jama'arsa gaban Ubangiji: ga Saratu, duk da tsarkinta, abin ya fi ƙarfinta, to ina ga sauran mutane? Ya ƙara da cewa wanda ya tsira da ransa ma wani ɓangare na ƙarfinsa da hankalinsa ya riga ya mutu. A wurin da aka saba jin wa'azin haƙuri da yarda da ƙaddara, wannan kusan ƙorafi ne, sai dai an yi shi da kalmomin Rashi, a makon da ya dace, ba wanda zai ce ya fita daga layi.

Shapira ya ci gaba da wa'azin mako-mako bayan an killace Yahudawan birnin a unguwa ɗaya a Nuwamba 1940. Da wuya ka ga sunan Jamus a cikin rubutun. Fir'auna da Amalek da Masar ne ke ɗauke da maganar. Na ƙarshe ya yi shi a Yuli 1942, kwanaki kaɗan kafin a fara kwasar mutanen unguwar zuwa sansanin kisa na Treblinka. Ya miƙa takardunsa ga ƙungiyar ɓoye ta masanin tarihi Emanuel Ringelblum, aka binne su cikin manyan garewanin madara. An kashe shi a 1943. A Disamba 1950 ma'aikatan gini suka tono garewanin a cikin kufan Warso, aka buga wa'azozin a 1960.

Yanzu sai mu koma Hebron kanta, garin da Larabawa ke kira Al-Khalil da laƙabin Ibrahim. A kan kogon akwai katafaren gini na zamanin Sarki Hirudus, wanda Musulmi suka sani da Masallacin Ibrahim. Daga 1266, zamanin Sarkin Mamluk Baibars, har zuwa 1967, an hana Yahudawa shiga, iyakarsu matakala ta bakwai a waje. A 1929 an kashe Yahudawa 67 a garin, wasu ɗaruruwa kuma maƙwabtansu Larabawa ne suka ɓoye su. Bayan Isra'ila ta mamaye Yammacin Kogin Jodan a 1967, 'yan kama-wuri-zauna suka kafa matsuguni a gefen garin, suka raɗa masa suna Kiryat Arba, sunan da ke aya ta biyu ta wannan kason. A wurinsu cinikin Ibrahim da Efron takardar mallaka ce, kuma suna da tsohuwar hujja, don Bereshit Rabba ya lissafa kogon cikin wurare uku da aka saya da kuɗi, waɗanda ba wanda zai ce ƙwace aka yi. Ran 25 ga Fabrairu 1994, cikin watan azumi, kuma ranar idin Furim, wani likita mazaunin Kiryat Arba mai suna Baruch Goldstein ya buɗe wuta kan masu sallar asuba a masallacin, ya kashe mutum 29. Tun daga nan aka raba ginin biyu, kowane ɓangare yana samun dukkansa kwana goma a shekara. Asabar ta Hayye Sara tana cikin kwanakin Yahudawa. Dubun-dubatar mutane ke zuwa su kafa tantuna, sojoji su tsaurara matakai a unguwannin Falasɗinawa, a 2022 kuma an kai hare-hare kan gidaje da shaguna a wannan ranar.

Daga cikin masu ibadar ma akwai waɗanda ba su yarda da wannan karatun ba. Yeshayahu Leibowitz, masanin kimiyya mai tsananin kiyaye dokokin addini, wanda ya rasu a 1994, ya yi ta gargaɗi tun bayan yaƙin 1967 cewa mulkar wata al'umma da ƙarfi zai lalata Isra'ila, yana kuma kallon tsarkake duwatsu da kaburbura a matsayin bautar gumaka. Ƙanwarsa Nehama ta ɗauki wata hanyar. Daga 1942, kusan shekara talatin, tana aika takardun tambayoyi kan kason mako ta gidan waya ga duk mai so, ta gyara amsoshin da jan alƙalami ta mayar. Babbar tambayarta ga ɗalibai ita ce su gano abin da ya dami Rashi a ayar kafin su karɓi amsarsa.

Jonathan Sacks, babban malamin Yahudawan Birtaniya daga 1991 zuwa 2013, ya ja hankalin masu karanta sharhinsa na mako zuwa ƙarshen kason, inda mutane da yawa sun riga sun gaji. Can aka ce Is'haƙu da Isma'ila ne suka binne mahaifinsu tare a kogon, alhali an daɗe da sallamar Isma'ila da mahaifiyarsa Hajara zuwa jeji. Yaya aka yi ya dawo? Tsofaffin malamai sun cike giɓin. Rashi ya ce Ketura, matar da Ibrahim ya aura bayan Saratu, Hajara ce da wani suna, kuma Is'haƙu da kansa ya je ya ɗauko ta. Wani littafi mai suna Pirke de-Rabi Eliyezer, da aka rubuta a ƙarni na takwas ko na tara ƙarƙashin mulkin Musulunci, ya ce Ibrahim ya ziyarci Isma'ila sau biyu a jeji bai same shi ba. A zuwan farko matar gidan ta hana shi ruwa da gurasa, ya bar saƙon a canza dokin ƙofa. A na biyu sabuwar matar ta karɓe shi, ya sa wa gidan albarka. Mai karatu da ya san ruwayar da ke cikin Sahihul Buhari zai gane labarin tun kafin a kai ƙarshe. Littafin Yahudawan ya ba matan sunaye: ta farko A'isha, ta biyu Faɗimatu.